Amsar Tambaya: Wa Zai Kula da Shi Bayana?

Tambaya: Ɗana yana da lalurar otizim, shekarunsa 19. Yana karatu da lissafi, amma komai ni nake yi masa. Idan babu ni, yaya zai yi? Uwa daga Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Otizim ba ya warkewa, amma mai shi yana ci gaba da koyo har girmansa, don haka ba ki makara ba.

Ki fara janye hannunki a hankali. Zaɓi aiki ɗaya, misali wankin kayansa. Ki rarraba shi daki-daki, ki rubuta a takarda ki manna a bango: jiƙawa, sabulu, ɗauraya, shanya. Ki tsaya gefe, ko ya ɓata lokaci kada ki karɓe. Idan ya kama, ki aike shi shagon unguwa da kuɗi, ya ƙirgo canji da kansa.

Sana'a kuwa, ki duba abin da ransa yake so. Hayaniya tana wahalar da yawancin masu otizim, shi ya sa shagon ɗinki ko gyaran waya mai natsuwa ya fi tsakiyar kasuwa. Ki faɗa wa mai shagon ya riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, ba tsawa.

Kada a yi masa aure wai don ya warke. Ki nemi shawarar likitoci a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, sannan ki zauna da mahaifinsa da 'yan'uwansa tun yanzu, a tsayar da wanda zai riƙa lura da kuɗinsa da lafiyarsa.