Daga Ina Man Agadem Ya Fito?

Wasiƙar farko daga Geskeru take, bakin Komadugu, wani manomin tattasai ne ya aiko. Ya ce ya ga abin da girgizar ƙasa ta yi wa Turkiyya a 2023, shin man da ake zuƙa a Agadem ba zai bar rami a ƙarƙashinmu ba, wata rana ƙasa ta rufta da mu?

Malam, Allah ya sa tattasai ya yi kasuwa. Kwantar da hankalinka. Mai ba ya taruwa a kogo. A cikin ƙofofin dutse yake, kamar yadda ruwa ke zama cikin rairayin Komadugu bayan kogin ya janye, ka ɗebi ruwan, rairayi na nan daram. Rijiyoyin ma 'yan kilomitoci ne zurfinsu, alhali ɓawon ƙasar da muke takawa ya kai kaurin kilomita 30 zuwa 40. Ƙarƙashinsa dutse ne mai zafi har kilomita 2,900, sannan narkakken ƙarfe, sannan dunƙulallen ƙarfe a cibiya, wajen kilomita 6,370 daga tafin ƙafarka.

Ɓawon nan a rarrabe yake, manyan fale-fale ne masu tafiyar 'yan santimita a shekara. Inda suke gogayya, nan babbar girgiza take. Turkiyya na kan mahaɗa, falen Larabawa na tunkuɗar ta. Diffa kuwa tana can tsakiyar falen Afirka. A Oklahoma ta Amurka ɗura gurɓataccen ruwa cikin rijiyoyi ya jawo girgiza, don haka sa ido a kan masu haƙa ba laifi ba ne, amma ko kusa ba ta kai ta Turkiyya ba.

Sai wata ɗaliba daga Maine-Sorowa: me ya sa a Agadem mai yake, ba a Diffa gari ba?

'Yata, kin yi tambayar masana. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Kudancin Amurka a manne suke. Da suka fara rabuwa, tekun Atlantika ya buɗe, ita ma Afirka ta dare daga ciki. Tsagar ta bi kwarin Binuwai a Najeriya, wani reshe ya miƙe ta gabashin Nijar, inda ake kira kwarin Termit, can Agadem yake. Sai ta tsaya. Da ta zarce, da watakila yau teku ne a gabashin Nijar!

Ƙasar wurin ta yi ta nutsewa, teku ya shigo ya zube laka cike da ƙananan halittu, rairayi ya binne, har tulin ya wuce kilomita 10 a wasu wurare. Zafin ƙasa ya dafa lakar ta zama mai, dutsen laka na sama ya hana shi tsira. Shi aka fara turawa matatar SORAZ a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, kuma tun 2024 bututu mai kusan kilomita 2,000 ke kai shi Seme a Benin.

Mai tambaya kan kanwar Manga, ka yi haƙuri, lokaci ya cinye mu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.