Darasin Lafiya: Yadda Jini Ke Kama Bakteriya, da Dalilin Ba Yaro Mai Sikila Fenisilin

Iyaye da dama a nan Birtaniya suna tambaya: me ya sa likita zai ce a riƙa ba jariri mai sikila fenisilin safe da yamma tun yana wata uku, alhali lafiyarsa ƙalau? Kafin a gane amsar, sai an san yadda jiki yake gane ƙwayar cuta da yadda yake kashe ta.

Cikin jininmu Allah Ya sanya fararen ƙwayoyi masu tsaro. Mafi yawa a cikinsu ana kiran su nutirofil, kuma ɓargo yana ƙera kimanin biliyan 100 nasu kowace rana, domin ba sa daɗewa. Akwai kuma manya, makarofej, waɗanda ke zaune cikin tsoka, huhu da hanta. Masu tsaron nan ba su san sunan kowace cuta ba. Abin da suke shinshina shi ne wasu sinadarai da ke jikin bangon bakteriya, waɗanda babu irinsu a jikin ɗan Adam. Da makarofej ya ci karo da su sai ya saki sinadaran kira, jijiyoyin wurin su buɗe, nutirofil su ratso daga jini su taru. Kumburi, ja da zafin da ake ji a ƙurji ke nan.

Kisan kuwa ta haɗiya ne. Ƙwayar tsaron tana naɗe bakteriya, ta rufe ta cikin wata 'yar jaka, ta zuba mata guba, ciki har da irin sinadarin da ke cikin ruwan bilic na wanki. Mugunya, wadda muke ƙyama, galibinta gawarwakin nutirofil ne da suka gama aikinsu. Wani masani ɗan Rasha, Mecnikof, shi ya fito da wannan haɗiya fili a 1882, aka ba shi kyautar Nobel a 1908.

To amma wasu bakteriya suna da wayo. Masu haddasa nimoniya da sanƙarau suna lulluɓe da wata riga mai santsi, ta sukari, wadda ke ɓoye bangonsu, mai tsaro ya kasa riƙe su. Sai jiki ya yi musu lamba da wasu sinadarai da ake kira antibodi, su manne wa rigar, sannan a samu wurin kamawa. Allurar rigakafi abin da take yi ke nan: ta koya wa jiki yin lambar tun cutar ba ta zo ba. Shi ya sa ma Saudiyya take wajabta wa alhazai allurar sanƙarau.

Wurin da aka fi tace masu rigar nan daga jini shi ne saifa. Jini yana bi ta cikinta a hankali, makarofej suna tsince abin da aka yi wa lamba. A jikin yaro mai sikila, jajayen ƙwayoyi masu siffar lauje suna toshe ƙananan jijiyoyin saifa, sai ta fara rauni tun shekarar farko. Daga nan cutar da wani yaro zai iya shanyewa tana iya mamaye jininsa cikin sa'o'i kaɗan. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna fenisilin na kullum ya rage irin wannan kamu mai tsanani da kashi 84 cikin 100. Wannan magana ba ta shafi mai AS ba.

Saboda haka kada a tsayar da maganin don an ga yaro ya yi ɓul-ɓul, kuma zuma ko habbatus sauda ba sa maye gurbinsa. In zafin jikinsa ya kai digiri 38, ba a ba shi farasitamol a jira gari ya waye. Asibiti za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne, a faɗa musu tun daga ƙofa cewa yana da sikila. Masu shirin zuwa gida hutu su lura: fenisilin na ruwa, da zarar an haɗa shi, firji yake so kuma mako guda yake yi, don haka a yi magana da likitan yaron tun da wuri kan irin wanda za a tafi da shi, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro.