Zazzaɓin da ya zo da haki da ruɗewa

Lokacin kaka, mu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje mun saba da irin majinyatan da ake kawowa Malumfashi daga Dayi da ƙauyukan kewaye: manomin da lauje ya yanka ya ɗaure da tsumma, mai jegon da jikinta ya ɗau zafi bayan haihuwa, yaron da taifot ta huda wa hanji. Akasarinsu sun riga sun sha maganin maleriya na kemis. Abin da ke cinsu shi likitoci ke kira sefsis. Ƙwayar cuta ce ke shiga, jiki ya tashi yaƙarta, har ɓarnar ta koma kan ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 11 ne suka mutu ta wannan hanya a 2017, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya.

Gano ainihin ƙwayar cutar a jini yakan ci kwana biyu zuwa uku, wanda ke kwance rai a hannun Allah kuwa ba zai iya wannan jiran ba. Shi ya sa ake duban abin da jiki ke fitarwa idan ya shiga matsi. Babba a ciki shi ne laktet, sinadarin da ke taruwa idan jini bai wadaci sassan jiki ba. A mai lafiya ba ya kai 2. In ya haura 2 mun fara zargi, in ya kai 4 gaggawa ce. Abin da ya fi ɗaure wa 'yan jinya kai shi ne, wani lokacin awon hawan jinin majinyaci lafiya lau, yana ma amsa gaisuwa, amma laktet ya riga ya tashi. Akan sake aunawa bayan ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, don a ga ko yana sauka.

Laktet kaɗai dai ba ya yanke hukunci. Maleriya mai tsanani tana ɗaga shi, haka ciwon hanta da jijjiga. Sai likita ya haɗa da sukari da gwajin ƙoda da abin da idonsa ya gani. Ba ko'ina ake yin gwajin ba ma, shi ya sa akan tura wasu Katsina, Kano ko Shika.

A gida ba ku buƙatar na'ura. Babba mai zazzaɓi da ke numfashi sau 22 ko fiye a minti ɗaya, ko ya fara sambatu, ko fitsari ya ɗauke, ko tafin hannunsa ya yi sanyi, kada ya kwana a gida. Ku taho da kwalayen magungunan da ya sha, ku kuma riƙe lokacin da ya yi fitsari na ƙarshe, domin likita zai tambaya.