Amsoshin Tambayoyinku: Shin jama'ar ƙauye na da ta cewa a makarantarsu?

Wani mai sauraronmu daga Jihar Jigawa ya tambaya ko mutanen gari na da hannu wajen gyara firamaren ƙauyensu, ko kuwa sai an jira gwamnati. To malam, suna da hannu ƙwarai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati nauyin karatun shekara tara kyauta, amma jami'in da ke zaune a Dutse ba ya ganin malamin da ya bar aji ran kasuwa, ko kwanon rufin da iska ta yaye tun damina. Mutanen gari ne ke gani kullum. Shi ya sa aka kafa kwamitin kula da makaranta, SBMC, mai haɗa shugaban makaranta, masu unguwa, limamai da iyaye mata. A Nijar, shirin da aka soma a jihar Tawa a 2004 da tallafin Japan ya sa ana zaɓen 'yan kwamitin da ƙuri'ar sirri a taron gari, jama'a kuma suka riƙa gina ajujuwan zana suna sa yara makaranta.

Wasu za su ce wannan sauke nauyin gwamnati ne a kan talaka. Amma ba haka ba ne: albashin malamai da littattafai hakkin gwamnati ne, kuma kwamiti mai rai shi ke iya rubuta ƙorafi ya bi sawunsa har ƙaramar hukuma. Saboda haka malam, ka nemi a kira taro, a zaɓi mutanen da 'ya'yansu ke makarantar, kuma a karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a kowane zangon karatu.