Bakan Gizo Ba Ya Shanye Ruwa

'Ya'yana, ku matso kusa. Ina lura da ku tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Kwanon masara ya gagari mai albashi, mai digiri yana yawo da takardunsa ofis-ofis, wasunku har sun daina zaman majalisa don kada a tambaye su ina aka kwana. Ba zan ce muku babu wahala ba, ai wanda ke cikin rana shi ya san zafinta.

Mu a karkara ba mu taso muna murnar ganin bakan gizo ba. Hadari zai haɗu a gabas, manoma sun ɗaga kai suna jira, da zarar ya ratso sama sai tsofaffi su ce shi ke nan, ya shanye ruwan. Wasu al'ummomin kuwa da alheri suke kallonsa. Kiristoci sun ɗauke shi alamar alkawarin da Allah ya yi wa Annabi Nuhu bayan ruwan Ɗufana, kuma a kullen korona na 2020 yara a Italiya da Ingila sun riƙa zana shi suna liƙawa a taga don ƙarfafa wa masu wucewa gwiwa.

Allah ya jiƙan iyayenmu, amma a nan sun ɗora masa laifin da ba nasa ba. Bakan gizo ba ya fitowa sai ruwa yana sauka a gabanka, rana tana bayanka. Haskenta ke shiga ɗigon ruwa ya karye, ya dawo launi-launi, ja a can sama. Shi ya sa da la'asar a gabas ake ganinsa, da safe a yamma. Ashe abin da muke zargi da korar ruwa shaida ce cewa ruwa na zuba a gonar wani, ko da taka ba ta jiƙe ba tukuna. Sauƙi ma haka yake zuwa, wahalar ba ta gama wucewa ba yake ɓullowa, sai dai mai baƙin ciki ya cika yi masa mummunar fassara.

Ku tambayi mutanen Maraɗi labarin 1984. Fari ya ƙone gero, dabbobi suka mutu, ga iyakar Najeriya a rufe, har aka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari, wato sunan shugaban da ya rufe iyakar. Gonaki sun zama fili fetal, iska na kwasar ƙasa. A cikin wannan hali ne manoma suka fara kula da kututturan da suke sarewa duk shekara a matsayin datti. Ashe saiwoyinsu na raye a ƙarƙashin ƙasa. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar: in kututture ya tofo, ka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran, ka kare su daga awaki. Suka kira dabarar sassabin zamani. Da farko dariya aka yi wa masu yi, wai malalata ne da suka kasa share gona. Yau gawo da kalgo sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, ana samun itacen girki, abincin dabbobi da ƙarin amfanin gona, ba tare da an sayi dashe ba.

To kai ɗana, kafin ka sayar da gonar gado ka bi hanyar Agadas, zauna ka lissafa abin da ke hannunka wanda ka raina: ɗinkin da ka koya ka watsar, kawun da ka daina gaisarwa, filin bayan gida. Ke kuma 'yata, kada kunya ta hana ki faɗa wa innarki cewa tukunya ba ta hau wuta ba yau. A shekarun fari, gidajen da suka tsira da mutuncinsu su ne waɗanda maƙwabta suka san halin da suke ciki, ana miƙa musu kwanon tuwo ta kan katanga bayan magariba.