Silin Asbesto da Gyaran Ɗakin Mai Jego

Da ciki ya kai wata bakwai sai a fara maganar gyaran ɗaki kafin suna: a yi fenti, a canza silin da ruwan sama ya ɓata. Kafin kafinta ya ɗaga guduma, ku tsaya ku duba irin silin da ke kanku.

Asbesto wani ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, mai siraran zare da ido ba ya gani. Wuta ba ta cin sa, shi ya sa aka riƙa kwaɓa shi da siminti ana yin kayan gini. Iri uku aka fi amfani da su. Farin shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma shi ake samu a silin, da rufin siminti mai kama da kwano, da takalmin birkin mota. Mai ruwan ƙasa da shuɗin sun fi shi illa, ana samun su a tsofaffin alluna da bututu. Amma kada wani ya ce muku farin ba shi da lahani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar dukkansu suna jawo ciwon daji. Ingila ta hana shi kwata-kwata tun 1999, Afirka ta Kudu kuma a 2008.

Silin da yake lafiya lau, ba tsagewa ba ɓarewa, a ƙyale shi, in ya so a shafe shi da fenti. Haɗarin yana cikin ƙurar da ke tashi idan aka fasa, aka huda, ko aka yanka shi. Zaren yakan maƙale a huhu, ba ya fita. Ba tari, ba zazzaɓi a ranar. Sai bayan shekara 20 zuwa 40 ciwon ya bayyana: taurin huhu, ko dajin huhu, ko na fatar da ta lulluɓe shi, a wajen mata har da dajin gidan ƙwai. Jaririn da ya shaƙa yau, yana cikin ƙarfinsa abin zai iya samun sa. Wannan ne ya fi damu na.

Saboda haka idan dole sai an cire, mai ciki da yara su bar gidan har a gama. A jiƙa allunan da ruwa, a sauke su ɗungurungum. 'Yar'uwa, kada ki sa tsintsiya a busasshiyar ƙurar. Tsumma mai laima za a goge da shi, a ƙulle shi a leda. Takunkumin yadi ba ya tare zaren nan. Gutsattsarin kuma kada a bar wa yara su yi wasa da su, ko a yi murfin randa.

Maigida, in kai kafinta ne ko makanike, cire kayan aiki kafin ka ɗauki jariri, a wanke su daban ba tare da an kakkaɓe ba. Idan kana shan taba, ka sani ita da wannan ƙura in suka haɗu, haɗarin dajin huhu yana ninkuwa sosai.