Yadda Za Ka Gane Ko Bishiyoyin Da Aka Dasa A Garinku Sun Rayu Da Google Earth



Duk damina za ka ga an yi bikin dashen bishiyoyi, an ɗauki hotuna, an watse. Bayan shekara uku babu mai komawa ya ga guda nawa suka rayu, kwazazzabon bayan gari kuma yana ta cin gonakin mutane. To, da wayarka kaɗai za ka iya bin diddigi.

Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton duniya tun 1972. Da irin waɗannan hotuna masana suka tabbatar cewa manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar sun farfaɗo da bishiyoyi a fili kusan hekta miliyan 5, ta hanyar barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi.

Ga yadda za ka duba naku:

1. Sauke manhajar Google Earth daga Play Store. Tana cin data, gara ka samu Wi-Fi.
2. Rubuta sunan garin, sannan ka buɗa taswirar da yatsu biyu har filin ya fito sosai.
3. Kunna Historical imagery. Layin shekaru zai bayyana.
4. Ja shi baya zuwa kafin a yi dashen, ka ɗauki hoton fuskar wayar. Dawo shekarar ƙarshe ka sake ɗauka.

Daga sama, bishiya ɗigo ce mai duhu da 'yar inuwa a gefenta, sai ka ƙirga. Kwazazzabo kuwa yana kama da saiwa mai rassa. Yi amfani da alamar awo ka auna tsawonsa a hotunan biyu. Idan ya daina ƙaruwa, aikin tare shi ya yi amfani.

Amma kula da wannan, don ni ma na taɓa faɗawa: kada ka gwada hoton Agusta da na Maris. Da damina ko'ina kore ne saboda gero da ciyawa, sai ka ɗauka daji ya dawo. Zaɓi hotuna biyu na rani, na wata ɗaya. A lokacin gonaki sun bushe, koren da ya rage yawanci na bishiya ne. Gawo ma da rani yake cika ganye, da damina ya zubar.

Sannan ƙananan dashe ba sa fitowa sai sun yi rassa. Don haka kafin ka hau Facebook ka ce an ci kuɗin aiki, taka ka je wurin. Gani ya kori ji.

Mu haɗu a darasi na gaba.